Yadda Ake Ƙera Ƙaramar Kwaba Mai Taya Don Ɓoye Kwanon Tofi

A gidan da ke da dattijo mai cin goro, ko mai ciki da laulayi ya sa wa yawan yawu, ko majinyacin da tari ya kwantar, da wuya a rasa wani gwangwani da aka zuba wa yashi aka tura ƙarƙashin kujera. Kowa ya san yana nan, amma babu mai son ganinsa. Da an ji sallamar baƙo sai a aiki yaro ya yi waje da shi, kuma daidai lokacin ne mai bukatarsa yake shiga takura, ya haɗiye abin da bai kamata ya haɗiye ba ko ya yi ta tashi yana leƙa tsakar gida. Ba mu kaɗai muka san wannan kwano ba. Lokacin da jagoran ƙasar Sin Deng Xiaoping ya karɓi Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher a Beijing a 1982, da kwanon tofinsa a gindin kujera, kuma har yau akwai irinsa kusa da kujerun alƙalan Kotun Ƙolin Amurka, sai dai sun mayar da shi kwandon shara.

Abin da za mu ƙera a nan ƙaramar kwaba ce mai taya, wadda duk wanda ya shigo zai ɗauka lokar gefen gado ce. Sharaɗi ɗaya ne yake mulkin duk sauran ma'aunai: mai tofi ya kai ga kwano da hannu ɗaya, da motsi ɗaya. Idan sai ya buɗe ƙofa, ya sunkuya, ya jawo kwano, ya ɗaga murfi, to ba zai yi ba, gwangwanin nan na ƙarƙashin kujera zai dawo, kwabar kuma ta zama wurin ajiye carbi da tocila. Sharaɗi na biyu na mai wanki ne: duk abin da yawu zai iya taɓawa ya kasance ana iya zare shi a kai bakin rariya.

Fara da mutumin, kafin katako

Ka je inda yake zama da tef ɗin awo a hannu. A kujera yake wuni, ko a bakin gado, ko a ƙasa kan kilishi? Yawancin kujeru tsayin mazauninsu daga ƙasa santimita 42 zuwa 45 ne, kuma ga mai zama a kai, bakin kwano ya fi dacewa ya tsaya tsakanin 45 da 55, wato daidai gwiwa ko sama kaɗan. Idan ya yi ƙasa da haka sai an sunkuya sosai, kuma yawu yakan fantsama a hanya. Idan ya wuce haka sai ya zama kwanon yana kallon baƙo. Ma'aunan da zan bayar na mai zaman kujera ne ko gado, dukkansu a santimita. Kafintocinmu da yawa da inci suke aiki, to inci ɗaya santimita 2.54 ne, amma ya fi sauƙi ka roƙe shi ya juya tef ɗinsa ya karanta ɗaya gefen, domin juya lissafi yakan cinye milimita biyu ko uku, kuma dirowa ba ta yafe wannan.

Sai gefe. A tarbiyyarmu hagu ake tofarwa, kuma hannun hagu ake sa wa irin wannan aiki, saboda haka a hagun kujera kwabar za ta zauna. Amma idan shanyewar ɓarin jiki ta taɓa hagun mutum, sai a koma dama ba tare da wata gardama ba. Ka yanke wannan tun yanzu domin shi zai nuna ɓangaren da hinjin ƙofar ƙasa zai kasance.

Kwanon

Shi ake fara saye, kwaba a jikinsa ake auna ta. Nemi kwanon silba mai kauri, mai leɓe a baki wanda ya fito waje kamar santimita ɗaya, domin da wannan leɓen zai rataya a ramin da za a yanka masa. A misalinmu faɗin jikinsa 20 ne, da leɓe 22, zurfinsa 11. Ka sayi biyu iri ɗaya, ɗaya na aiki ɗaya na bushewa a rana, kuma ka ɗiga musu jan fenti a gindi don kada wata rana yarinya ta kwashe su ta kai kicin.

Roba tana da arha amma jan goro yana kama ta, kuma da ta fara karcewa wari ya samu wurin zama. Kwanon da aka shafe da farin enamel yana da kyau wajen nuna abin da ke ciki, sai dai da ya faɗi sau ɗaya ya ɓantare, tsatsa ta shiga. Na tagulla irin aikin maƙeran Bida ya fi kowanne kyan gani, amma bilic yana ɓata shi, kuma tunda ɓoye shi za a yi, kyan nasa na wa? Kaskon yumɓu kuwa yana tsotse ruwa, ba ya wankuwa har ciki. Ni dai silba nake ba da shawara.

Me ya sa dirowa

Hanya uku ake bi. Akwai murfin sama mai hinji, wanda ake ɗagawa a ga kwano. Yana da sauƙin yi, amma ya kashe saman kwabar, ba za a iya ɗora ko kofin shayi ba, kuma duk ɗagawa tururin wari fuska yake nufa. Akwai ƙofar gaba da kwano a kan kantar ciki, wannan shi ne mai motsi huɗu da na ambata. Sai dirowa mai fitowa gaba ɗaya, kuma ita ce zaɓina. Ana ajiye kwabar ɗan baya, kusa da hannun kujera, a jawo dirowar ta fito daidai gwiwa. Fuskar dirowar ta ɗara bakin kwano tsayi da kamar santimita uku, saboda haka wanda ke zaune gaba da gaba katako kawai yake gani.

Matsalar da ta rage ita ce murfi. Kwano ba murfi yana tara ƙuda da wari, kwano da murfi kuma ya ƙara motsi na biyu. Maganin shi ne a bar murfin a jikin kwabar. Za a sa wani falle a kwance can sama cikin ɗakin dirowa, ƙasansa ya tsaya milimita uku zuwa huɗu sama da leɓen kwano. Idan aka tura dirowa, kwano ya shige ƙarƙashinsa ya rufu. Idan aka jawo, ya fito a buɗe. Shi kansa fallen a kan 'yan sanduna biyu yake kwance, ana zare shi a wanke. Wannan ɗan fallen shi ne bambancin kwabar nan da loka ta kasuwa, kuma shi ne abin da kafinta zai so ya tsallake. Kada ka bari.

Kafin a sa zarto, ka samo kwalin indomi ko na sabulu ka yi kwaikwayon girman, ka ajiye a gefen kujerar kwana ɗaya ko biyu. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A nan za ka gano ko tana tare hanyar ƙofa, ko hannun kujera ya fi ta tsayi har ya hana kai hannu.

Katako da sauran kaya

Wannan kwaba da danshi za ta rayu, saboda haka MDF na gama-gari, wato fallen garin katako da aka matse, bai dace ba. Da ruwa ya taɓa gefensa sai ya kumbura ya yi laushi, sukuru ya daina kamawa. Nemi filawud mai kauri 1.8, wanda 'yan katako ke kira uku-bisa-huɗu na inci, kuma idan hali ya yi a ɗauki mai jure ruwa, marin bod. Falle guda 122 ne a 244. Rabinsa yana kusa da isa amma da ƙyar, domin bakin zarto ma yana cin nasa rabon, saboda haka ko ka sayi falle guda ko ka cika da guntayen da ke shagon kafinta. Mai son katako na gaske, madaci yana da nauyi da kyau, afara da obeche sun fi sauƙi amma ƙwaro na son su. Ko wanne ne, ya zama busasshe. Ɗanyen katakon da aka haɗa da damina, hunturu na zuwa zai tsage ko ya murɗe, dirowa ta ƙi shiga. A Kano za a samu duk wannan a 'Yan Katako na Na'ibawa, a Yamai kuma a kasuwar Katako.

Ga yankan, faɗi da tsayi:

- gefe biyu: 36 a 48
- ƙasa: 36 a 36
- sama: 38 a 39
- kantar tsakiya: 32.4 a 36
- baya, da siririn filawud mai kauri 0.6: 36 a 51
- fuskar dirowa: 35.6 a 20.5
- ƙofar ƙasa: 35.6 a 28.7
- gefen dirowa biyu: 35 a 14
- gaba da bayan dirowa: 26.2 a 14
- gindin dirowa: 26.2 a 31.4
- mazaunin kwano, da filawud mai kauri 1.2: 29.8 a 35
- fallen murfi: 32.2 a 34

Sai ƙarfen dirowa mai ƙwallaye, irin mai fitowa har ƙarshe, tsawon 35, wato inci 14. Irin wannan yana cin rabin inci a kowane gefe, shi ya sa faɗin dirowa ya zama 29.8 alhali cikin kwaba 32.4 ne. Kada ka sayi mai rufe kansa a hankali. Yana da taurin jawowa a farko, kuma hannun tsoho zai jawo kwabar gaba ɗaya maimakon dirowa. Sauran kayan: taya huɗu masu faɗin 5, hinji biyu, mariƙi babba wanda yatsu huɗu za su shiga, ƙaramin makulli, sukurori masu tsawon 4 da na 1.6, gam na katako irin Top Bond, samfefa, fentin mai fari, silikon, guntun fomaika, da ɗan ƙyallen ragar sauro.

Haɗawa

A goge kowane yanki da samfefa, sannan a shafe fuskokin da za su kasance ciki tun kafin a haɗa, domin bayan an haɗa buroshi ba ya kaiwa lungu. Gefen filawud, inda ake ganin hawa-hawan falle, nan ne ƙofar ruwa. A ba shi shafa biyu na gam da aka sirka da ruwa kaɗan, ya bushe, sannan fenti. A bar inda za a manna da gam ba fenti.

A kwantar da gefuna biyu a kan benci kusa da juna a ja musu layuka tare. Daga saman kowanne a auno 20, nan ne fuskar kantar tsakiya ta sama za ta tsaya. Daga wannan layin a hau 8, nan ne tsakiyar ƙarfen dirowa. A hau 16.8 daga layin kantar dai, nan ne saman sandunan da murfi zai kwanta a kai. Sandunan sirara ne, kaurinsu kada ya wuce santimita ɗaya, don su shige ratar da ke tsakanin dirowa da bango. A ɗaura ƙarfen tun gefunan suna kwance, ya fi a yi ta cusa hannu cikin akwati daga baya. Sandunan kuwa a riƙe su da sukuru ɗaya-ɗaya tukuna, domin sai an sa kwano na gaske za a san ainihin wurinsu.

Yanzu a tsayar da gefunan a kan fallen ƙasa, ba a gefensa ba, don nauyi ya sauka kai tsaye kan tayoyi. Gam, sannan sukuru daga ƙasa, uku a kowane gefe, kuma a fara huda da siririn baki mai milimita uku, in ba haka ba filawud ya dare. A sa kantar tsakiya, a ɗora sama ya fito santimita ɗaya ta kowane gefe, bayansa daidai da baya, ragowar ta yi wa dirowa rumfa ta gaba. Kafin gam ya kama, a auna daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa ta bayan kwabar, hagu da dama. Idan lambobin biyu ba su zo ɗaya ba, kwabar ta karkace, a matsa ta har su daidaita sannan a buga fallen baya, shi zai riƙe ta a haka.

A fallen bayan, daidai ɗakin dirowa kuma ƙasa da murfi, a huda ramuka shida masu faɗin santimita biyu, a manna ragar sauro ta ciki. Kwabar da ba ta shan iska ita ce take wari, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, rufaffen akwati mai danshi ba ya bukatar wuni guda kafin ya sanar da kansa.

Dirowar akwati ce mai sauƙi: gefuna biyu a waje, gaba da baya a tsakaninsu, gindi a ciki. Idan ta zauna a kan ƙarfenta, ƙasanta ya tashi santimita ɗaya daga kantar tsakiya. A bi duk kusurwoyin cikinta da silikon, a shimfiɗa ƙaramin farantin roba a gindi don abin da ya ɗiga.

Mazaunin kwano shi ke bukatar natsuwa. A manna masa fomaika a sama. Tsakiyar ramin kada ta kasance tsakiyar fallen, a matso da ita gaba, santimita 13 daga bakin gaba. Amfanin haka biyu ne: ba sai an jawo dirowa har ƙarshe ba kafin kwano ya bayyana, jan 27 ya wadatar, kuma nauyin bai yi nisa da jikin kwaba ba. A zana da'ira mai faɗin 20.3, a huda rami ɗaya a cikinta, a zagaye da zarton lantarki mai siririn baki. A gefe biyu na da'irar a ƙara ɗan yanka kamar rabin wata inda yatsa zai shiga ƙarƙashin leɓe ya ɗago kwano. Wanda bai taɓa ƙoƙarin ciro jiƙaƙƙen kwano mai santsi daga rami ba ne zai raina wannan. Ba a ɗaure mazaunin da sukuru. A manna masa guntayen katako biyu ta ƙasa waɗanda za su faɗa cikin akwatin dirowa su hana shi zamewa, a ɗaga shi a fitar duk lokacin wanki.

Sai a sa kwano, a zura fallen murfi da fomaikarsa tana kallon ƙasa, a tura dirowa a hankali. Idan ya gogi leɓe a ɗaga sandunan kaɗan, idan yatsa na shiga tsakani a sauke su. Kwali mai kauri guda shi ne ma'aunin ratar. Idan ta yi daidai a ƙarasa ɗaure su, a kafa 'yar ƙusa mara kai a gaba wadda za ta hana murfin biyo dirowa amma a iya ɗaga shi a tsallake ta. Fuskar dirowa ake sawa daga ƙarshe, a ɗaure ta daga ciki, a bar ratar milimita uku tsakaninta da sama, da kuma tsakaninta da ƙofa.

Taya, da maganar kifewa

A nan ne haɗarin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Kwaba ce ƙarama mara nauyi, ga dirowa da ke fitowa kusan tsawon jikinta, ga dattijon da zai dafa duk abin da ke kusa idan zai miƙe. Ko an gaya masa kada ya dafa, zai dafa. Saboda haka a ƙera ta da sanin haka.

Tayoyin su matsa can kusurwa, santimita biyu kawai daga baki. Na baya biyu su zama marasa juya kai gefe, na gaba biyu masu juya kai kuma masu birki, inda ƙafa za ta kai ta taka. Taya mai bakin roba ta fi ta busasshen filastik, ba ta ƙara a kan tayil kuma ba ta zamewa. A ɗaure su da bol da noti da suka ratsa fallen ƙasa, domin gajeren sukuru yakan fizge idan taya ta ci karo da dokin ƙofa. Da taya, tsayin kwabar zai kai kamar 58, bakin kwano kuma wajen 53 daga ƙasa.

A ɗakin ƙasa, can baya, a ajiye gwangwanin yashi mai nauyin kilo biyar ko fiye, a kafa masa guntun katako a gaba don kada ya gangaro. Shi ne ma'ajin yashin da za a riƙa ɗiba, shi ne kuma nauyin da ke danne bayan kwaba. Gwajin da ba a tsallakewa: a taka birki, a jawo dirowa har ƙarshe, a danna bakinta da tafin hannu da ɗan ƙarfi. Idan tayoyin baya sun ɗaga, a ƙara nauyi, ko a manna bulo na siminti siriri a gindi.

Idan daɓen ɗakin ba sumul ba ne, ko mai amfani da ita ba ya tunawa da birki, akwai hanyar da na fi amincewa da ita: taya biyu kawai a baya, ƙafafun katako biyu a gaba masu tsayi ɗaya da tayoyin, da roba a ƙarƙashinsu. Tana tsaye ba ta motsi. Idan za a kai ta wani wuri sai a ɗan ɗaga gaba a tura ta kamar baro. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan yashi ke cikin kwanon. Idan ruwan magani ne, karkatawa za ta zubar, dole taya huɗu.

Abin da ake zubawa ciki

Ga mai goro, mai taba gari, mai asuwaki, ko mai azumin da yawu ke damunsa, busasshen yashi mai zurfin yatsu uku ya isa, a gauraya shi da toka kaɗan. Yashi na shanye ruwa, toka na rage wari, kuma tuƙar goro ba ta manne wa silba. Tsohuwar dabara ce, kuma ta dace da abin da ya zo a hadisi cewa tofi a masallaci laifi ne kuma kaffararsa a binne shi. A juye kullum, a rami ko a shadda ta gargajiya. Kada a zuba yashi a masai na zamani, zai toshe bututu. Ɗan ƙunshin gawayi a tsumma, a ajiye a bayan kwano inda aka bar fili, yana taimakawa da wari fiye da turare, wanda haɗuwarsa da warin ma ta fi warin muni.

Majinyaci mai kaki, musamman mai tarin TB, hukuncinsa daban. Shi ba yashi, sai ruwan bilic. Duba jikin robar, irin su Jik yawanci ƙarfinsu kashi 3.5 cikin ɗari ne, kuma ma'auni ɗaya na bilic da ma'auni shida na ruwa yana ba da kashi 0.5 da ake amfani da shi ga irin wannan. A haɗa sabo kullum, kada ya wuce sulusin kwano. Kafin a zubar a masai a bar shi ya jiƙa kamar rabin awa, mai wanki ya sa safar hannu, a ɗauraye kwanon sosai domin bilic da ya daɗe a kan silba yana cin ta. Kada a taɓa haɗa bilic da Izal ko Harpic ko wani maganin wanki, haɗin na iya tayar da iskar da ke ƙona ƙirji. Ɗakin ƙasa da ke ɗauke da waɗannan robobi shi ya sa aka sa masa makulli, saboda jikoki.

Wajibi ne a faɗi abin da kwabar ba ta yi. Ƙwayar cutar TB, wadda Robert Koch ya gano a 1882, ta iska take yaɗuwa idan mai ita ya yi tari, ba ta kwano kaɗai ba. Rufe kwano ba ya kare mutanen ɗaki. Abin da ke kare su shi ne buɗe taga, rufe baki yayin tari, da shan magani har ƙarshe, wanda a cibiyoyin gwamnati a Najeriya kyauta ake bayarwa, yawanci na wata shida. Duk tarin da ya kai mako biyu a je a gwada kaki.

Akwai kuma wani abu da ɓoyewa ke jawowa. Gwangwanin da ke fili kowa na ganin abin da ke cikinsa, ko ba ya so. Wanda ke cikin dirowa mai wanki kaɗai ke gani, kuma sau da yawa yaro ne. Jan goro yana saje da jini ƙwarai. Saboda haka babba ya riƙa dubawa da kansa lokaci-lokaci, da safe kafin Baba ya fasa goron farko. Idan aka ga jini, ko kaki ya canza launi ya yi kauri, asibiti za a nufa. Shi ya sa na ce a yi wa ciki farin fenti da farar fomaika, don ɗigo ya nuna kansa.

Waje

Cikin ya sha fentin mai fari hawa uku. Wajen kuwa ya bi kayan ɗakin, idan kujerun ruwan ƙasa ne ita ma haka, domin abin da ya yi kama da maƙwabtansa ido ba ya tsayawa a kansa. Kada a yi mata ado da ya fi na sauran kaya. A zagaye saman da siririyar sanda mai tsayin santimita ɗaya ta gefe uku, don kofi da tabarau kada su zame idan ana turawa. A gefen da ke kallon kujera a sa ƙugiya ta rataye ƙaramin tawul. A bar ta a inuwa mai iska har warin fenti ya fita kafin ta shiga ɗakin mai ciwon ƙirji ko mai ciki, kwana uku zuwa mako. A fiƙihun Malikiyya yawun mai rai ba najasa ba ne, amma duk da haka ban ga dacewar a ɗora Alƙur'ani ko kwanon abinci a samanta ba, a nema musu wani wuri.

Ga mai zama a ƙasa, malami a zaurensa ko tsohuwa a kan tabarma, a cire ɗakin ƙasa gaba ɗaya. Gefuna su koma 36 a 20, babu kanta babu ƙofa, a sa ƙananan tayoyi, bakin kwano zai tsaya wajen 22 zuwa 25 daga ƙasa. Tunda babu wurin gwangwanin yashi, a ɗaure guntun ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashin fallen ƙasa ta baya, a sa mariƙi a gefe don ɗauka, domin irin wannan ta fi yawan tsallake dokin ƙofa tsakanin zaure da cikin gida.

Sau ɗaya a mako a zare mazaunin kwano da murfi da faranti a wanke da sabulu a shanya a rana, a goge cikin dirowa. Ƙarfen dirowa ba ya shiri da yashi, ƙwaya kaɗan ta shiga tsakanin ƙwallayen sai ya fara ƙara yana cijewa, saboda haka a riƙa cika kwano a waje, ba a cikin dirowa ba. Idan ya fara tauri a zare dirowar ta hanyar danna 'yan harsunan roba da ke gefe, a share da tsohon buroshin haƙori, a shafa man giris kaɗan. Tayoyi kuma zare da gashi suke naɗewa a gindinsu, a kifa kwabar duk wata biyu a tsince su da tsinke ko reza, a kuma ƙara ɗaure notin da ya saki.